Abin da Kake Bari a Kwamfutar Kafe Bayan Ka Tashi

Da an yi zancen satar bayanai, hankalin yawancinmu yakan tafi ga wani gwanin kutse da ke Legas ko ƙasar waje yana fasa asusun mutane daga nesa. Irin waɗannan suna nan. Amma mu da sana'armu ita ce gyara da kula da kwamfutocin kafe da shagunan buga takardu a Talata Mafara da Bakura da Maradun, abin da ya fi tayar mana da hankali ya fi wannan kusa. Shi ne abin da mutum ke bari a kwamfutar haya ya biya kuɗinsa ya tafi, ya bar shi ga duk wanda ya zauna a kujerar bayansa. Ra'ayina shi ne nauyin tsare wannan asiri ya fi rataya a wuyan mai shago, kuma shawarwarin da aka saba bai wa kwastoma ba za su yi amfani sosai ba muddin ba a gyara yadda muke aiki a shagunan ba.

Wani zai ce zamanin kafe ya wuce, kowa na da waya a aljihu. Wanda ya faɗi haka bai leƙa shagunan da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a lokacin rajista ba. Waya ba ta buga takarda, kuma da yawa daga mutanenmu ƙaramar waya ce mai madannai a hannunsu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta zalla, daga 2021 kuma ba a yin rajistarta sai da lambar NIN. Rajistar bautar ƙasa, neman aikin soja ko ɗan sanda, bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, biyan kuɗin makaranta, duk ta intanet ake yinsu. Ga ɗaliban jami'ar jiha da ke Mafara da na kwalejin aikin gona ta Bakura, ga manoman shinkafa na rafin Bakolori da ake neman BVN ɗinsu duk lokacin da aka ce za a ba da taki ko rance, ga 'yan fansho masu zuwa tantancewa. Gwamnati ta mayar da harkokin rayuwa kan intanet tun kafin mutane su mallaki na'urar yinsu, saboda haka kwamfuta guda a shago ta zama ta gari duka.

Duk wanda aka kawo wa irin wannan kwamfuta gyara ya san abin da zai tarar. A wurin da fayilolin da aka sauke ke taruwa, wanda ake kira Downloads, za ka ga ɗaruruwan takardu jere, wasu sun shekara biyu ko uku: takardar NIN mai hoto da ranar haihuwa, sakamakon WAEC da NECO, takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar albashi, bayanin shige da ficen kuɗi na banki, sakamakon gwajin asibiti, hotunan fasfo na 'yan mata da matan aure. Idan ka buɗe Chrome ka taɓa gurbin da ake rubuta adireshin imel, sai sunayen mutane su zubo, wasu ma da kalmar sirrinsu a ajiye, domin sa'ad da manhajar ta tambaya ko ta adana, an danna e cikin hanzari. Wani ya haɗa WhatsApp ɗinsa da kwamfutar don ya turo takarda guda, ya manta bai cire ba, saƙonninsa na gida suna ci gaba da shigowa a allon shago. A ƙarƙashin tebur kuma ga kwali cike da takardun da firinta ta ɓata, waɗanda galibi kan ƙare a hannun mai ƙosai ko mai gyaɗa ana ƙunshe kaya da su, lambar mutum ta ƙasa a jiki ɓaro-ɓaro. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar gwanintar kutse kafin a kai gare shi.

Shawarar da aka fi ji ita ce mutum ya fita daga asusunsa idan ya gama, ya goge tarihin bincikensa, kada ya yarda a adana kalmar sirri. Shawara ce mai kyau, sai dai an gina ta ne a kan zaton cewa mai asusun ne ke zaune gaban madannai. A nan ba haka abin yake ba. Mafi yawan kwastomomi suna tsaye ne a bayan yaron shago, shi ke bugawa, shi ke dannawa. Sau da yawa shi ne ma ya buɗe wa ɗalibi imel ɗinsa na farko, ya zaɓa masa kalmar sirri, wadda kusan kullum sunansa ce da shekarar haihuwa ko lambar wayarsa, ya rubuta ta a littafin shago. Idan ɗalibin bai zo da waya ba, sai a sa lambar mai shago a matsayin lambar farfaɗo da asusun. Daga wannan rana imel ɗin ya zama na shago, ɗalibi aro yake yi. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin ta imel ake sabunta kalmar sirrin kusan komai. Wanda ke riƙe da imel da kalmar sirrin shafin ɗalibi na JAMB yana iya shiga ya karɓi gurbin karatu ko ya ƙi shi da sunansa, kuma hukumar kanta ta sha gargaɗin ɗalibai kada su miƙa waɗannan bayanai ga kowa. Akwai kuma matan da ba su zuwa da kansu, sai su aiko ƙane ko ɗa da takardu, wanda shi ma iyakarsa ya miƙa ya jira. Yaya za a ce wa irin waɗannan su goge tarihin bincike?

Uzurin da na fi ji daga kwastomomi shi ne, ni talaka ne, me nake da shi da za a sata? Amsar ita ce sunanka. NIN da BVN lambobi ne goma sha ɗaya-ɗaya da ke bin mutum har ƙarshen rayuwarsa, ba a canza su kamar yadda ake canza kwaɗon ƙofa. Idan suka haɗu da hoto da ranar haihuwa da lambar waya, mazambaci ya samu abin da zai kira ka da shi ya ce daga banki yake, ya karanto maka bayananka daidai har ka saki jiki ka ba shi lambar da aka turo maka. Ya kuma samu abin da zai gwada neman bashi da shi a manhajojin ba da rance. Tun da aka wajabta haɗa layin waya da NIN a ƙarshen 2020, duk laifin da aka aikata da layin da ke ɗauke da lambarka, kai za a fara nema. Mu a Zamfara muna da ƙarin dalilin da mutanen wasu jihohi ba su da shi. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne 'yan bindiga na amfani da waya wajen samun labari daga masu tsegunta musu. Mutane sun riƙa tafiya har Sakkwato don kira ɗaya ko tura kuɗi. Jihar da ta jure wannan wahala saboda yoyon bayani bai kamata ta bar takardar da ke nuna albashin malami, ko jerin sunayen manoma da ƙauyukansu da adadin rancen kowa, a kwamfutar da kowa ke iya zama a kanta da kuɗi kaɗan ba.

Uzuri na biyu ya fi ƙarfi, kuma ina girmama shi. Ana cewa garuruwanmu ƙanana ne, an san juna, mai shago ɗan unguwa ne, sahu ɗaya ake sallah da shi. Gaskiya ne, kuma mafi yawan masu wannan sana'a mutanen kirki ne da ba su taɓa tunanin cin amanar kowa ba. Amma amanar mai shago ba ta bin kwamfutarsa duk inda ta je. Yaran shago suna sauyawa. Abokansu suna zuwa hira su zauna a kan na'ura. Kwamfuta tana lalacewa a kai ta gyara Gusau ko Sakkwato ta kwana a hannun wanda ba a sani ba, ko a sayar da ita da rumbun ajiyarta yadda yake. Ko an goge fayil, yakan zauna a kwandon sharar kwamfuta, ko an zubar da kwandon ma akwai manhajoji na kyauta irin su Recuva da ke iya dawo da shi. Ga filashin da ke yawo daga shago zuwa shago yana ɗauke da ƙwayoyin cutar kwamfuta, wasunsu aikinsu naɗe duk harafin da aka danna. Yawancin na'urorinmu tsofaffi ne 'yan gwanjo, wasu har yanzu Windows 7 ke kansu, wadda Microsoft ta daina toshe wa ɓaraka tun Janairun 2020, ita ma Windows 10 wa'adin kulawarta na yau da kullum ya ƙare a Oktoban 2025. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon yana iya tsagewa mai gida bai sani ba.

Abokan sana'ata su ma suna da tasu hujjar. Sukan ce muna ajiye takardun ne don amfanin kwastoma, gobe zai dawo ya ce ya ɓatar da tasa, ko ya manta kalmar sirri, idan ba mu da ita ya ce ba mu iya aiki ba. Na yarda hakan na faruwa kullum. Sai dai taimakon mutum guda da zai dawo bai kai a jefa mutum ɗari da ba za su dawo ba cikin haɗari. Akwai hanya mafi tsabta: a tura wa mutum takardarsa ta imel ɗinsa ko wayarsa, a rubuta masa kalmar sirri a takarda a damƙa masa a hannu, a ce ya adana tare da takardunsa na makaranta, sannan a goge ta shago a gabansa. Doka ma tana wannan ɓangaren. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce wanda ya karɓi bayanin mutum don wata buƙata kada ya riƙe shi fiye da lokacin da buƙatar ke nema, kuma ya tsare shi. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta ambaci kafe da suna, ta ɗora musu yin rajista da ajiye littafin masu shiga. Ko babu doka, wanda aka miƙa wa takardar asibitin matar wani don ya buga, amana aka ba shi, kuma addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane.

Gyaran bai da tsada. A buɗe wa kwastomomi nasu sashe daban a Windows, wanda ba shi da ikon saka manhaja, mai shago ya kulle nasa da kalmar sirri. A kashe adana kalmar sirri a Chrome gaba ɗaya. Kowace yamma kafin a kashe janareta a share wurin sauke fayiloli da wurin da sikana ke ajiye hotuna, a zubar da kwandon. Mai hali ya sa manhaja irin Deep Freeze, wadda ke mayar da kwamfuta yadda take da zarar an kashe an kunna. Takardun da suka ɓaci a ƙone su. Wayar shago da ake turo wa takardu ta WhatsApp ita ma a riƙa share ta, domin ta fi kwamfutar yawo. Sannan kada a sake buɗe wa kowa imel da lambar da ba tasa ba, ko da zai koma gida ya ɗauko waya. Duk wannan gyaran ya shafi har kwamfutar ofishin sakatariya da ta ɗakin malamai da ta asibiti, inda ma'aikata biyar ko shida ke amfani da na'ura guda.

Masu ɗan sani kuma sukan dogara da Incognito, wato tsarin bincike a ɓoye, suna ganin ya wadatar. Yana da amfani, ina kuma ba da shawarar a yi aiki da shi a kowace kwamfutar haya. Ana buɗe shi a Chrome da danna Ctrl da Shift da N tare. Da an rufe tagarsa, tarihin shafuka da shigar asusu suna tafiya. Amma fayil ɗin da ka sauke yana nan inda ya sauka, manhajar da ke naɗe dannawa tana ganin komai, shafin da ka shiga da kamfanin da ke ba da intanet su ma sun san ka shiga. Mutane sun ɗauki abin fiye da yadda yake har ta kai an maka Google a kotu a Amurka, inda a 2024 ya amince ya goge ɗimbin bayanan da ya tattara daga masu amfani da wannan taga.

Kwastoma shi ma yana da nasa rabon, ko da bai iya kwamfuta ba. Ya tambaya da bakinsa: lambar wa aka sa a imel ɗin nan? Ya tsaya har a fita daga asusunsa a goge takardarsa yana kallo, ya karɓi har takardar da ta ɓaci, tunda bayaninsa ne a jiki. Mai babbar waya, da ya koma gida ya canza kalmar sirrin, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail da WhatsApp da Facebook, ya duba jerin na'urorin da ke haɗe da asusunsa ya cire wadda bai gane ba. Wanda aka buɗe wa imel a shago shekarun baya ya koma yau ya nemi a mayar da lambar farfaɗowa ta zama tasa, kafin layin mai shagon ya ɓace ko shagon ya tashi. Harkar banki kuwa kada a yi ta a kwamfutar haya ko kaɗan. Idan biyan kuɗin makaranta ne, a ciro lambar Remita a shago, a je banki ko a biya daga wayar mai kuɗin. Lambar da banki ke turowa ta saƙo ba a karanta wa kowa ita, ko mai shago, ko wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin banki ne.