Kiwon Murjani a Cikin Akwatin Gilashi

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani a matsayin dutsen ado da mata ke ratayawa a wuya. Asalin wannan dutse kuwa ƙashin wata 'yar dabbar teku ne. Dangin wannan dabba da ke zaune a ruwa mai ɗumi su ne ke gina tuddan murjani, irin waɗanda ke Bahar Maliya daura da Jidda da Port Sudan, da kuma babban jerin da ke gabar Ostireliya mai tsawon kimanin kilomita 2,300.

Kiwon murjani a gida ba sabon abu ba ne. A shekarar 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta fara kiwonsa a gidanta da ke Landan, inda ake juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan kullum domin iska ta shige shi. A 1853 aka buɗe ɗakin nuna halittun ruwa na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan. Darasin da masu wannan kiwo suka koya tun daga lokacin shi ne, ruwan ake fara kiwo, domin da zarar yanayinsa ya sauya farat ɗaya, murjani ya kama hanyar mutuwa.

Yadda murjani ke rayuwa

Jikin dabbar murjani kamar 'yar jaka yake, da baki a sama wanda wasu 'yan hannuwa suka kewaye. Dubban irinta ne ke zama manne da juna. Masu gina tuddai suna zuƙo sinadarin kalsiyam daga ruwa su yi ƙashi da shi, wanda sinadarinsa ɗaya ne da na dutsen farar ƙasa. A cikin naman jikinsu akwai wata irin gansakuka mitsitsiya da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da hasken rana kamar yadda ganye ke yi. Ita ce ke ba murjani mafi yawan abincinsa da kuma launinsa, shi kuma ya ba ta mafaka. Saboda haka haske ga murjani abinci ne.

Kayan aiki

Mai farawa yana bukatar akwatin gilashi mai cin lita 80 zuwa 100, da fitilar LED ta kiwon murjani, da ɗan famfo mai motsa ruwa, da ma'aunin zafi, da ma'aunin gishiri, da kayan gwajin sinadarai. Ana zuba yashin murjani a ƙasa, a jera duwatsu masu ƙofofi a kansa. A lura cewa lita 100 ta ruwan teku ta ɗara kilo 100 a nauyi, don haka sai an sami teburi mai ƙarfi, a wurin da rana ba ta bugawa kai tsaye.

Haɗa ruwa

Kowane kilo na ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Gishirin miya ba zai yi ba, domin babu isasshen kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran teku a cikinsa. Akwai gishiri na musamman da ake harhaɗawa don wannan aiki, kuma a tataccen ruwa ake narka shi. Ruwan famfo yakan zo da kilorin, wani lokaci har da ɓurɓushin tagulla, wadda guba ce ga murjani da jatan lande. Ana so ma'aunin gishiri ya nuna 1.025 ko 1.026, zafin ruwan kuma ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salsiyos. A ƙasashen sanyi dumama ruwan ake yi, a ƙasashe masu zafi kuwa sanyaya shi ne babban aiki, ko da fanka mai hura saman ruwan, ko da na'urar sanyaya ruwa.

Makonnin jira

Nan ne mafi yawan masu farawa ke yin asara. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su fitar da amoniya, wadda ko kaɗan ce tana ƙone matsatsar numfashin kifi. A cikin teku wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da amoniya ta zama naitarayit (NO2), wanda shi ma guba ne, sannan wasu su mayar da shi naitaret (NO3), wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Sabon akwati ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi. Don haka ake jefa ɗan abincin kifi a ciki, a bar famfo yana aiki, har ƙwayoyin su hayayyafa a jikin duwatsu da yashi. Wannan yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Sai gwaji ya nuna babu sauran amoniya da naitarayit kafin a saka kowace dabba. Sannu ba ta hana zuwa.

Zuba dabbobi

Ana farawa da dodon koɗin teku, mai cinye gansakukar da ke kama gilashi. Bayan mako biyu sai a kawo kifi ɗaya ko biyu ƙanana, kamar kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari da masana ke kira Amphiprion ocellaris. Daga nan sai murjani mai laushi, wanda ya fi mai ƙashi juriya. Ya kamata a nemi kifin da aka haifa a gidan kiwo da murjanin da aka yanko daga wanda ake renonsa, domin a wasu wurare a Filifin da Indunisiya an sha kama kifin ado da gubar sayanayid, wadda ke kashe murjanin da ke kewaye. Cinikin murjani mai ƙashi tsakanin ƙasashe kuwa sai da takardar izini, bisa yarjejeniyar CITES.

Kulawar yau da kullum

Ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri kuwa yana nan inda yake. A ɗauki misalin akwati mai lita 40, da giram 35 a kowace lita, wato giram 1,400 ke nan. Idan lita 4 ta ƙafe, gishirin zai taru a cikin lita 36, kowace lita ta koma ɗauke da kusan giram 39. Wannan ya sa ƙaramin akwati ya fi babba wuyar riƙewa, kuma shi ya sa ake cike gurbin abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri kullum. Malami na iya nuna wa ɗalibai haka da kwano da ruwan gishiri da ma'auni a cikin 'yan kwanaki.

Bayan wannan, a kowane mako ko mako biyu ana kwashe kashi 10 cikin 100 na ruwan a zuba sabon haɗi, domin rage naitaret da mayar da kalsiyam, wanda ake so ya tsaya tsakanin miligiram 400 da 450 a lita. Fitila takan yi awa 8 zuwa 10 a kunne. Abinci kuma sai wanda kifi zai cinye cikin minti biyu. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, wajibi ne a tanadi batir, domin in famfo ya tsaya na wasu awoyi iskar oksijin tana ƙarewa a cikin ruwan.

Kammalawa

Idan zafin ruwa ya haura abin da murjani ya saba da digiri 1 kacal har na tsawon makonni, sai ya kori gansakukar da ke jikinsa, ya yi fari fat, in abin ya daɗe yunwa ta kashe shi. Abin da ke faruwa a akwatin gilashi ke nan in an yi sakaci, kuma shi ne ya auku a tekunan duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan a Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta tabbatar da aukuwarsa karo na huɗu. Ɗalibin da ya taɓa tsare ma'aunin zafi a kan lita 100 ta ruwa zai fahimci abin da digiri 1 ke nufi ga teku baki ɗaya.