JAR FITILAR BAƘIN MAI: ABIN DA YA KAMATA KOWANE DIREBA YA SANI

A gaban direba, a bayan sitiyari, akwai 'yan fitilu waɗanda ke ba da labarin lafiyar mota. A cikinsu akwai wata ja mai hoton 'yar buta tana ɗigar da mai. Ita ce fitilar baƙin mai, kuma babu wadda gargaɗinta ya fi gaggawa ga lafiyar inji. Direban da ya ga ta kama, ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa gari, yana iya rasa injinsa cikin 'yan mintoci kaɗan. Kuɗin da za a kashe wajen tayar da injin da ya buga ya ninka kuɗin galan ɗin mai sau da yawa. Ga mai tasi ko mai motar haya kuwa, ban da kuɗin gyara, akwai kwanakin da iyali za su yi ba a shigo da kome ba.

Aikin baƙin mai a cikin inji

Baƙin mai yana kwance ne a cikin kwanon da ke ƙarƙashin inji. Da an tayar da mota, sai famfon mai ya tsotso shi ta cikin wata 'yar rariya, ya tura shi cikin filta, daga nan ya bi ta ƙananan hanyoyi zuwa karanshaf da sauran sassan da ke juyawa. Karanshaf yana zaune a kan waɗansu ƙarafa masu santsi, wato biyarin, waɗanda makanikai ke kira metal. Idan inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, karanshaf yana juyawa sau 50 ke nan a kowace daƙiƙa. Abin da ke hana ƙarfe gogar ƙarfe a wannan gudu shi ne wani ɗan siririn mai, wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Ƙarfin da famfo ke tura man da shi ne ke riƙe shi a wurin. Idan ƙarfin ya faɗi, sai ƙarafan su haɗu, su yi zafi, su cinye juna, har inji ya buga ko ya cije.

Abin da fitilar ke aunawa

Ya kamata a fahimci cewa jar fitilar nan ƙarfin turin mai take aunawa. Saboda haka tana iya kamawa ko da kwano cike yake da mai. A jikin inji akwai wani ɗan makunni da aka ɗaura a kan hanyar mai, shi ne ke kunna fitilar. Da irin awon da mai faci ke auna iskar taya, ƙarfin mai a yawancin motoci yakan kasance tsakanin 30 zuwa 60 idan ana tafiya, amma makunnin ba ya kunna fitila sai ƙarfin ya sauko wajen 5 zuwa 10. Wato kafin fitila ta kama, al'amari ya riga ya yi nisa.

Idan an murza makulli ba a tayar da inji ba, wajibi ne fitilar ta kama. Bayan inji ya tashi, sai ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kama sam ba, ko dai ƙwan ya mutu, ko kuwa wani ya cire wayarta. Mai sayen motar da aka yi amfani da ita ya lura da wannan ƙwarai. Waɗansu motocin zamani suna da wata fitila ruwan ɗorawa mai nuna cewa mai ya ragu. Wannan tana ba da damar a ƙara mai a wuri mafi kusa, amma ja ba ta jira.

Idan fitilar ta kama a kan hanya

1. A sassauta totur, a ba da sigina, a sauka gefen hanya a wurin da babu haɗari, a kashe inji nan take. A ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku a bayan mota. Idan motar ta tare hanya, ana iya kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a lamba 122.

2. A dakata minti 5 zuwa 10 domin mai ya koma kwano. A tabbata mota tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, domin gangare yana ɓata awo.

3. A zaro sandar awon mai, a goge ta da tsumma mai tsabta, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Mai ya kamata ya tsaya tsakanin alamomi biyu da ke jikin sandar. A motoci da yawa, tsakanin alamar ƙasa da ta sama wajen lita 1 ne.

4. A leƙa ƙarƙashin mota a ga ko mai yana zuba, musamman wajen filta, da kusar juye, da kwanon kansa, wanda dutse ko rami kan fasa.

5. Idan mai ya yi ƙasa kuma ba ya zuba, a ƙara irin wanda ya dace kaɗan-kaɗan, ana aunawa. Kada a wuce alamar sama, domin mai idan ya yi yawa yakan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfi.

6. A tayar da inji, ido yana kan fitila. In ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma babu baƙuwar ƙara, ana iya tafiya a hankali zuwa gareji. In ta ƙi mutuwa, ko aka ji ƙwanƙwasa daga cikin inji, a kashe, a nemi motar da za ta ja ta.

Yadda bakanike zai gano cutar

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara da kwance inji, ba ya kuma cewa makunni ne kawai ba tare da gwaji ba. Zai cire makunnin, ya ɗaura agogon awon mai a gurbinsa, ya bar inji ya yi zafi, sa'an nan ya karanta awon a sulo da kuma lokacin da aka taka totur, ya gwada da abin da littafin motar ya faɗa.

Idan awo ya yi daidai, laifin na makunni ne, ko na wayarsa da ta goge tana taɓa jikin mota. Wannan gyara ne mai sauƙin kuɗi. Idan awo ya yi ƙasa, sai a bi dalilai ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Man da ya tsinke yana warin fetur alama ce ta fetur yana sauka cikin kwano. Man da ya koma kamar shayi da madara, ruwan lagireto ne ya shige shi, galibi saboda gasket ɗin kan inji ya ƙone. Dole a gyara wannan kafin a yi juye. Filta marar kyau a canza ta. Daga nan sai a kwance kwano a duba rariya, domin daskararren dattin tsohon mai yakan toshe ta. Bayan haka a duba famfon mai da bawul ɗinsa mai rage ƙarfi, wanda yakan maƙale a buɗe. In duk waɗannan lafiya suke, to biyarin ne suka cinye, mai yana tserewa ta gefensu. Alamar wannan ita ce fitila ta riƙa ƙyaftawa a sulo idan inji ya yi zafi, ta mutu idan an taka totur. Shuɗin hayaƙi daga salansa kuwa yana nuna inji yana shan mai, sau da yawa saboda ringi sun gaji.

Akwai dabaru biyu da ya kamata mai mota ya ƙi yarda da su. Ta farko ita ce cire wayar fitila ko liƙe ta da baƙin tef. Ta biyu ita ce zuba mai mai kauri fiye da ƙa'ida domin fitila ta mutu. Dukkansu ɓoye ciwo ne, kuma biyarin za su ci gaba da cinyewa har ranar da inji zai tsaya a tsakiyar daji.

Rigakafi

A riƙa auna mai sau ɗaya a mako, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. A yi juye a canza filta a lokacin da littafin motar ya ƙayyade. Motar da ke aiki cikin ƙurar hunturu, ko zafin bazara, ko cunkoson birni irin na Legas da Kano, tana bukatar juye da wuri. A zuba mai mai lambar da masu ƙera motar suka rubuta: tsofaffin injuna da yawa suna amfani da 20W-50 ko 15W-40, na zamani kuwa da yawa 5W-30 ko 0W-20 suke bukata. A sayi mai a cikin galan rufaffe daga amintaccen wuri, a guji na kwalba wanda ba a san asalinsa ba, domin araha ba ta ado. Wanda ya yi zargin an sayar masa da jabu yana iya kai ƙara ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya.

Daga ƙarshe, tsohon man da aka juye kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa shi a kan rauni ko jikin dabba. A tara shi a cikin jarka mai murfi, a kai wa masu karɓarsa a gareji.