A Daina Sayen Ruwa da Kuɗin Itace

Ya kai maigida, in ka ga uwargida ta fito daga madafa a watan Agusta idanunta jajur, tana share hawaye da bakin zane, tuwo kuma bai sauka ba sai bayan isha'i, kada ka yi saurin ganin laifinta. Je ka dubi itacen da ka kawo mata.

Ɗanyen ice, ranar da aka sare shi, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wutar da za ta tafasa tukunya sai ta tsaya ƙone wannan ruwa tukuna. Shi ya sa kake jin sa yana tsuwwa a murhu, kumfa na tsattsafowa ta gindinsa, hayaƙi ya turnuƙe gida. Masana sun ce ice bai isa shiga murhu ba sai ruwansa ya yi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Hayaƙin nan kuwa ba idanu kaɗai yake ci ba, har huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin girki ne, ta yi ajalin mutum wajen miliyan 3.2, kuma mata da yaran da ake goyo a bakin murhu su suka fi shaƙarta.

Gane busasshe ba ya bukatar boko. In ka tsaya gaban mai faskare a Mahuta, ɗauki guda ka jinjina, busasshe ba ya cika hannu da nauyi. Dubi bakinsa inda gatari ya bi, za ka ga ya tsattsage, ɓawon yana ɓarewa da kansa. Sa'an nan ka gwara biyu. Busasshe ƙara yake yi ƙwal, ɗanye kuwa sai ka ji dum, kamar an bugi buhun masara. Kuma ka zaro naka na gwaji daga tsakiyar dami, don wani mai sayarwa a waje yake jera masu kyan.

Icen ma iri-iri ne. Kirya da marke su ne manya, suna ci a hankali, suna barin garwashi mai daɗewa. Ba banza ba maƙera suke neman gawayin kirya. Darbejiya da turare suna yi in sun bushe sarai. Kuka kuwa taushi gare ta, wahalar sara kawai za ka sha. Karan dawa da totuwar masara, waɗanda Allah ya hore mana daga Funtua har Malumfashi, na hura wuta ne da ɗumamen safe.

Mai tsire ya fi kowa sanin wannan. Tsaya wajen tukubarsa da la'asar ka gani: ba ya kafa tsinke sai harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi ja, sa'an nan ya kewaye ta da nama yana juyawa. Hayaƙin ɗanyen ice baƙanta nama yake yi, ya sa masa ɗaci, ƙuli da yaji ba su ɓoye shi. A tuna da haka ranar layya. Kada a gasa nama da tumfafiya ko tinya, ruwansu dafi ne. Haka katako mai fenti da leda. Masu babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya kuwa, su ji tsoron Allah su bari.

An ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, tun yana ɗanye kuma ya fi daɗin faskarawa. Da an gama kaka a sassare rassa, a faskara, a jera a kan duwatsu don gara da laima, a bar iska tana ratsawa. Hunturu da bazara za su yi sauran aikin. Kafin ruwan watan Mayu ya sauka a shigar da shi rumfa.

Roƙonmu ga jama'ar Mahuta, rassa da matattun itatuwa za a sara. A ƙyale ɗorawa da kaɗanya masu rai, su ke ba mu daddawa da man kaɗe. Wanda kuma yake da gona, ya dasa darbejiya ko biyar a kan iyaka daminar bana.