Yadda Za Ka Saita Muryar Jitar Bes Mai Batir a Majami'a

A majami'u da yawa na Kafanchan, Kwoi, Kagoro da Zonkwa, matasa sun ajiye tsohuwar jitar bes sun rungumi mai batir. An kashe kuɗi masu kauri, amma sau da yawa rugugi kawai ke isa kunnen masu sujada. Kwanon rufi na karkarwa, kalmomin waƙa sun nutse, shi kuwa makaɗi yana ta ƙara murya domin ko kansa ba ya ji. Ɗan'uwa, maganin yana nan ƙarƙashin hannunka na dama, a maɓallan da ke jikin jitar.

San abin da ka riƙe

Tsohuwar bes, irin Precision da kamfanin Fender ya fitar a 1951, ba ta cin batir, kuma maɓallin sautinta abu ɗaya ya iya: rage kaifi. Shi ya sa masu kaɗa ta suka saba buɗe komai har ƙarshe. A 1976 Music Man ya fito da StingRay, wadda ta yaɗa dabarar ɓoye ɗan ƙaramin amfilifaya a cikin jita, yana aiki da batir mai bolt 9. Daga nan maɓallai suka sami ikon ƙarawa da ragewa. A yawancin na yau, in ka murɗa a hankali za ka ji maɓalli ya ɗan cije a tsakiya. Nan ne bai ƙara ba, bai rage ba. Wanda ya kai shi ƙarshe, kamar yadda ya saba a tsohuwa, ya ɗora wa sauti ƙarin da kan kai desibel 12 zuwa 15.

Maɓallin bes yana riƙe da nauyi, wajen Hz 40 zuwa 100. Tsirkiyar E in an kaɗa ta a sake tana kan 41, ta B a jita mai tsirkiya biyar kuwa tana kan 31. Ƙarin desibel 6 a nan na neman amfilifaya ya ninka ƙarfinsa sau huɗu, kuma ta haka ƙananan lasifikoki ke yagewa. Maɓallin mid yana aiki tsakanin 250 da 1,000 ko kusa da haka, inda kunne ke bambanta wannan sauti da wancan. Tirebul yana can sama, daga 2,000 abin da ya yi gaba, wurin ƙarar yatsa da tsawar silaf, har da shuu ɗin da ke damun kunne.

Matakan saiti

Na farko, mayar da komai tsakiya, a jita da amfilifaya duka. In amfilifayan yana da ƙofa ko maɓalli na musamman don jita mai batir, yi amfani da shi, domin irin wannan jita tana fitar da sauti da ƙarfi fiye da marar batir.

Na biyu, nemi muryar da kake so a maɓallin da ke gauraya maganaɗisu biyu masu ɗaukar sauti da ke jikin jitar. Na kusa da wuya yana ba da murya mai faɗi da taushi, daidai da waƙoƙin littafi da lokacin addu'a. Na kusa da gindin tsirkiyoyi yana ba da mai tauri da tsini, daidai da yabo mai sauri irin na makosa da hailaif. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Na uku, rage kafin ka ƙara. In sauti ya yi duhu, sassauta bes kaɗan maimakon ɗaga tirebul. In ba a jin ka cikin ganguna da kibod, ɗan taɓa mid sama, ka bar maɓallin ƙara murya inda yake. Ƙari kamar cittar Kwoi yake a kunu: ɗan kaɗan ke gyara shi, mai yawa ya hana sha. Saitin nan da matasa ke so, na ɗaga bes da tirebul a danne mid, yana da daɗi in kana kai kaɗai a ɗaki, amma da zarar kwaya ta ɗauki waƙa sai ka ɓace.

Na huɗu, saurara daga inda jama'a ke zama. Ba abokinka jitar ya kaɗa, kai ka taka zuwa bencin baya. Bangon siminti da rufin kwano marar silin suna maido da nauyin sauti, kusurwa kuma tana ƙara shi. Janye amfilifaya daga lungu, ka ɗora shi kan kujera ya dubi kunnenka. Ka kuma tuna cewa majami'a in ta cika ranar Lahadi, jikin mutane da tufafinsu na shanye kaifin sauti, don haka kada ka datse tirebul gaba ɗaya a wurin gwaji.

Na biyar, bar wa wasu wuri. In matan Zumunta suka tashi da tukunyar kiɗansu, ita ce ke riƙe da ƙasan waƙa. Rage bes, ka bi bayanta. Roƙi mai kibod shi ma ya sassauta hannun hagu, tunda wurin naka ne. A fili kuwa, kamar taron bishara ko bikin aure, babu bangon da zai maido da nauyi, sai ka ɗan ƙara. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Da an fara sujada, bar maɓallai su huta, domin duk abin da ka murɗa yana rikita wa mai miksa lissafi. In kana son taushi, matsar da yatsu kusa da wuya. In tauri kake so, koma baya.

Batir da tsirkiya

Ruwa ba ya tsami banza. In jita ta fara kakari kamar lasifika ta fashe, duba batir kafin ka nemi mai gyara. Wayar da ka soka a jita ita ce makunnin batir, don haka in ka bar ta a jiki daga Lahadi zuwa Lahadi, batir na ci ko ba a kaɗa ba. Zare ta duk lokacin da ka ajiye. Sayi batir na alkalin, ka riƙe na ajiya a jaka, musamman gab da Kirsimeti da Ista. Jitar Sire V7 tana cin biyu, bolt 18 ke nan, kuma tare ake sauya su. Ita da Yamaha TRBX504 suna da makunnin da ke mayar da su aiki ba batir. In taka tana da shi, koyi wurinsa tun kafin ranar buƙata.

Daminar kudancin Kaduna da gumin hannu suna sa tsirkiya tsatsa, ta rasa kaifi. Ɗaga tirebul ba zai dawo da shi ba, sai dai ya ƙara shuu da zuzar janareta. Goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, ka sauya su in sun mutu.

A gwajin wannan makon, ware minti goma ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. In ka dace da saiti, ɗauki hoton maɓallan da wayarka. Bayan sujada, gaida wata mama da ke zama can baya, ka tambaye ta ko ta ji kalmomin waƙar sarai. In ta ce ta ji, saitinka ya yi.