Yadda Ake Riƙon Ɗan'uwa Mai Shakka a Cikin Ikkilisiya

Duk wanda aka ɗora wa nauyin kiwon masu bi, ko fasto ne, ko dattijo, ko uwa a Zumuntar Mata, lalle wata rana zai lura da wani ya soma ja da baya daga sujada, wanda in ma ya zo sai ya raɓe a bencin ƙarshe, bakinsa ba ya motsi lokacin waƙa, ya kuwa sulale tun ba a yi addu'ar rufewa ba. Abin da ya wajaba da farko shi ne a bi shi gida, mutum ɗaya ko biyu waɗanda ya sake da su, gama ayarin dattawa a ƙofar gida kama yake da zaman shari'a. A gaisa, a tambayi iyali da gona, a sha ruwan da aka kawo, kada a yi gaggawar buɗe Littafi Mai Tsarki tun ba a san inda ciwon yake ba.

Sa'an nan a kasa kunne, kuma nan ne akasarinmu muke gazawa. Abokan Ayuba uku sun zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, a ganina kuwa wannan ne mafificin alherin da suka yi masa, domin da suka buɗe baki sai suka jingina masa zunubin da bai aikata ba, har Ubangiji ya yi fushi da su a ƙarshen littafin. Da sauraro ake gane asalin shakkar. Ɗalibin da abokin karatunsa ya ce masa an sauya Linjila, hujja yake bukata, sai a haɗa shi da malamin da ya san tarihin nassi, ya zauna da shi cikin natsuwa. Amma gwauruwar da ta gudo daga Mubi a ƙarshen Oktoba 2014, sa'ad da Boko Haram suka ci garin suka kuma mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Kwarhi, idan ta ce, "Baba, ina Allah yake a ranar nan?", ba muhawara take nema ba, a kai mata hatsi, a ɗauki kuɗin makarantar marayunta, a riƙa zama da ita.

Idan lokacin magana ya yi, a nuna wa mai shakkar cewa ba a kansa farau ba. Yahaya Mai Baftisma kansa, yana kurkuku, ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan, Yesu kuwa ya amsa masa da ayyukan da ake gani, daga baya ya yabe shi a gaban jama'a, kamar yadda Matiyu sura 11 ta ruwaito. Wasiƙar Yahuza, aya 22, umarni ce a ji tausayin masu shakka. Tambayar da ta fi ƙarfin dattijo kuwa, gara ya faɗi gaskiya cewa ta fi ƙarfinsa da ya ƙago jawabin da shi ma bai gamsu da shi ba.

Bayan haka a rufa masa asiri. Kada a tashi ranar Lahadi a sanar da sunansa da hujjar neman addu'a, domin sau da yawa wannan tsegumi ne ya sa rigar ibada. Kada kuma a sa shi horo, alhali shakka dabam, zunubi a fili dabam. Toma ya ƙi gaskata shaidar 'yan'uwansa, duk da haka bayan kwana takwas yana cikin ɗaki tare da su, ba wanda ya kore shi. In mai shakkar yana koyarwa a makarantar Lahadi ya nemi a sauwaƙe masa, a sauwaƙe ba tare da tozarci ba, a ba shi wata hidima, ko shirya bencina ko aikin gonar ikkilisiya.

A ci gaba da ziyara ko da watanni sun shuɗe ba a ga canji ba. In kuwa aka ga ya daina ci, barci ya ƙaurace masa, ko yana ambaton gwamma mutuwa, to kada a tsaya ga nasiha kaɗai. A sanar da makusancinsa, a raka shi asibiti a ranar.