Darasin Juma'a: Kada a Ci Kuɗin Magani a Tsaraba

'Yan uwa, Sallah ta ƙarato, hankalin kowa ya koma gida. Ga haya, ga kuɗin wuta, ga na makarantar yara, ga na mota daga Legas zuwa Arewa, ga tsaraba. Idan aljihu ya gaza, magani muke fara yankewa.

To, a nan kuskuren yake. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai ji garau alhali jininsa ya haura 140/90, sai dai a ji ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta lalace. Ciwon suga ma haka yake.

A Sahihul Bukhari, Annabi (SAW) ya hana Abdullahi ɗan Amru takura kansa da azumi da tsayuwar dare, ya tuna masa haƙƙin jikinsa da na iyalinsa. In an hana wannan a ibada, ina ga tsaraba?

Don haka, kuɗi na shigowa, fara ware na magani. In za ka yi tafiya, sayi wanda zai kai ka ya dawo da kai. In tsaraba ba ta samu ba, je hakanan. Ganinka lafiya ya fi wa Inna turmin atamfa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.