Yadda ake haɗa inbata marar taransifoma a gidan Bobiel

Tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, faya-fayan sola suka yawaita a rufin gidajen Yamai, har da na Bobiel. Yawancin inbatocin da ake ɗaurawa yanzu, waɗanda masu gyara ke kira ondiler, ba su da taransifoma a ciki. Shi ya sa ba su da nauyi, ba sa ɓarnar wuta sosai, kuma sun fi araha. Sai dai suna da wata ƙa'ida da ake yawan yi wa gurguwar fahimta: wayoyin da ke ɗauko wuta daga faifai ba a haɗa su da ƙasa, amma duk wani ƙarfe da hannu zai iya taɓawa dole ne a haɗa shi. Wani mai gyaran sai ya haɗa duka, wani kuma ya ƙi haɗa ko ɗaya, ya ce ai wannan na'ura ba ta son ƙasa. Na farko yana iya ƙona inbata, na biyu yana iya kashe mutum.

Ka fara da karanta takardar da ke manne a jikin inbatar tun a shago. Nemi lambar IEC 62109-2. Wannan ƙa'ida ce ta tilasta wa inbata marar taransifoma ta auna lafiyar rigar wayoyin faifai kafin ta kama aiki, ta kuma yanke kanta cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa idan wuta mai yoyo ta ƙaru da miliamfa 30 farat ɗaya. Wadda ba ta da wannan tsaro, ni dai ba zan ɗaura ta a gidan da yara ke wasa ba, komai arharta. Duba kuma iyakar ƙarfin wutar da take karɓa. Da yawa suna tsayawa ne a bolt 500, alhali faifai goma masu bolt 50 da aka jera a layi ɗaya sun riga sun cike wannan iyaka, kuma sanyin safiyar Janairu yana ƙara musu ƙarfi. Rage faifai ɗaya ko biyu, ka bar sarari.

Sai aikin ƙasa, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Masu aikin lantarki a Yamai galibi da ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100 suka koyi sana'a, ita kuma ta ce kada juriyar turken ƙasa ta wuce om 100 idan babban mayankin gida na miliamfa 500 ne. Ƙasar arewacin Yamai yashi ce da marmara, a bazara takan bushe ƙamas. Turken da aka auna a Agusta ya ba da lamba mai kyau zai iya zama ƙarfen banza a Afrilu. Don haka a auna da na'urar awon ƙasa, da rani. Idan lambar ta yi yawa, a ƙara turke na biyu da na uku, a ba su tazarar da ta kai tsawonsu, ko a binne wayar tagulla marar riga mai kaurin milimita murabba'i 25 a cikin dogon rami. Zuba gishiri da wasu ke yi yana gyara lamba na ɗan lokaci, daga baya ya cinye ƙarfen.

Daga wannan turke ne za a ja waya mai launin kore da ɗorawa, kaurinta kada ya gaza milimita murabba'i 6, zuwa jikin inbata, zuwa ƙarafan da suka ɗauki faifai, zuwa firam ɗin kowane faifai. Firam ɗin alminiyom yana da wata fata siririya da ba ta wuce wuta, saboda haka a sa washa mai haƙora wadda za ta cije ta, kada kuma a ɗora tagulla tsirara a kan alminiyom, tsatsa za ta raba su. Turke ɗaya ne na gida da na sola, ko kuma a haɗa su da waya. Ka tuna wanda zai hau rufin nan bayan ƙurar hunturu: yaron gida ne, da bokitin ruwa da tsumma, ƙafarsa babu takalmi, hannunsa jiƙe a kan firam. Saboda shi ake wannan wahala.

Wayoyin faifai guda biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, kada ɗayansu ya taɓa ƙasa ko ƙarfe. Dalili shi ne wayar kamfanin wuta na NIGELEC da ake kira nutural tana haɗe da ƙasa tun daga taransifomar unguwa, kuma babu abin da ya raba ta da faifanka sai ƴan na'urorin cikin inbata. Ka haɗa wayar ɗebewa da ƙasa, ka buɗe wa wuta gajeriyar hanya ke nan. Wannan yana nufin wayoyin biyu duka masu rai ne, babu ta sanyi a cikinsu. A yi amfani da wayar sola mai riga biyu, wadda aka rubuta H1Z2Z2-K a jikinta, a ɗaure ta a ƙarƙashin faifai kada ta kwanta a kan kwano mai zafi ko ta goga a bakinsa. Kawunan MC4 da ke haɗa wayoyin su kasance na kamfani ɗaya. Mayankin da zai tsaya tsakanin faifai da inbata ya zama na wutar DC, irin wadda faifai ke bayarwa, mai yanke wayoyin biyu tare. Na wutar gida ba ya iya kashe tartsatsin DC, narkewa yake yi. Idan layukan faifai sun kai uku a haɗe, kowace waya ta samu fis nata. A sa na'urar kare tsawa a ɓangaren faifai da na gida kafin damina.

A ɓangaren gida, mayankin da ke gane yoyon wuta ya zama nau'in B, sai fa idan kamfanin inbatar ya rubuta cewa nau'in A ya wadatar. Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Idan NIGELEC ta ɗauke wuta, inbata ta koma kan batir, haɗin nutural da ƙasa na unguwa ya tafi tare da ita, mayankin kuma zai iya zama makaho. Wasu inbatocin suna da ƙaramin makunni a ciki da ke yin wannan haɗi da kansa. Ka tambaya, ka sa a gwada a gabanka da na'urar gwaji, sau ɗaya akwai wutar gari, sau ɗaya an yanke ta.

Kafin a kunna, a cire wayoyin faifai daga inbata a auna su da mega, na'urar awon rigar waya, kowace waya zuwa ƙasa. Kada lambar ta gaza megaom 1. Mai gyara ya rubuta maka ita a takarda tare da ta turken ƙasa da kwanan wata. Idan wata safiya bayan ruwan sama inbata ta ƙi tashi tana nuna matsalar rigar waya, kada ka yi ta kashewa kana kunnawa, kada kuma ka yarda a cire wayar ƙasa don ƙararrawar ta yi shiru. Ka yanke mayankin DC, ka hana kowa hawa rufi, ka kira mai gyara ya bi layin kai bayan kai har ya gano inda ruwa ya shiga.